Bindigar Iska Ba Abin Wasa Ba Ce: Zaɓenta, Horonta Da Dokarta

Duk wanda ya taɓa shiga Kasuwar Shanu ta Maiduguri da niyyar sayen san noma ya san ba a cinikin dabba da garaje. Mai saye yakan buɗe bakin sa ya dubi haƙora don ya san shekarunsa, ya dubi kofato, sa'an nan ya sa a kora shi ya ga tafiyarsa. Ko Wadara ne, ko Rahaji, ko Bunaji, ko kuwa Kuri mai manyan ƙahoni na bakin Tafkin Chadi, ba ya miƙa kuɗi sai dillali ya tsaya masa a kan cewa dabbar ba ta sata ba ce. Bayan an kai sa gida ma, ba a ɗaura masa garma ran nan. Sai an yi makonni ana horonsa har ya san muryar mai shi.

Waɗannan abubuwa uku, watau dubawa, da shaida, da horo, su ne ainihin abin da ake bukata ga mai son mallakar bindigar iska. Dalilan da kan sa mutum ya yi sha'awarta a wuri irin wannan ba ɓoyayyu ba ne. Mai ɗakin ajiyar dusa da ƙowa da harawa yana fama da ɓera da gafiya. Mai lambu a bakin kogin Ngadda yana fama da kurege da tsuntsaye. Ga kuma samari waɗanda suka ga gasar harbi a talabijin, ta shiga ransu. Abin da ya haɗa da yawa daga cikinsu shi ne zaton cewa tun da ba ta cin albarushi, to, 'yar'uwar danƙon harbin tsuntsu ce. Wannan zato kuskure ne babba. A wajen doka bindiga ce, a jikin ɗan Adam kuma bindiga ce, gama tana fasa ido, kuma in ta sami mutum a mugun wuri tana kisa.

ISKA A MADADIN ALBARUSHI

Bindigar toka da maharbanmu suka gada, da bindigar soja, duk da wuta suke aiki. Albarushi ke kamawa, hucinsa ya tunkuɗa harsashi. Ita kuwa bindigar iska, iska ake matsewa a wuri ƙanƙane, kana a sake ta gaba ɗaya a bayan ɗan harsashin dalma. Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Tun wajen shekarar 1780 sojojin Ostiriya suka riƙe wata bindigar iska da ake kira Girardoni, wadda ke ɗaukar harsashi kimanin ashirin, kuma irinta ce matafiyan nan Lewis da Clark suka ratsa Amurka da ita tsakanin 1804 da 1806. Kamfanin da ke ƙera Diana an kafa shi a Jamus a 1890, kamfanin BSA na birnin Birmingham a Ingila kuwa ya soma ƙera tasa a 1905.

A yau iri huɗu ne aka fi sani. Ta farko ita ce mai sifirin, wadda ake karyawa. Mai harbi yakan kama bututun ya karyo shi ƙasa, wannan shi ke danne wani ƙaƙƙarfan sifirin a ciki, ya maƙale fistin. Sai ya sa harsashi guda a gindin bututun, ya mayar da shi ya kulle. Da ya taɓa kunama sai sifirin ya wurga fistin gaba, iskar da ke gabansa ta matsu, ta fitar da harsashi. Akwai waɗanda ba a karya bututunsu, sai dai a ja wani ƙarfe a ƙasa ko a gefe, amma aikin duk ɗaya ne.

Ta biyu ita ce mai famfo a jikinta, wadda ake bugawa sau da dama kafin kowane harbi. Ta uku tana aiki da 'yar tukunyar gas mai nauyin giram 12, irin iskar nan da ke sa lemon kwalba kumfa. Ta huɗu kuwa tana da tanki da ake cikawa da iska tun daga gida, har matsinta ya ninka na tayar mota kusan sau ɗari. Wannan ta ƙarshe ita ce ta fi daidaito, ba ta da zabura, amma ita ce ta fi tsada, kuma ba ta aiki sai da famfo na musamman.

Ga mutumin da ke zaune a inda kayan gyara ke da wuyar samu, mai sifirin ita ce ta fi dacewa. Ba ta bukatar kome sai ƙarfin hannu da gwangwanin harsashi. Saboda haka a kanta bayaninmu zai fi ƙarfi.

TAKARDA KAFIN HARBI

Dokar Bindigogi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1959, ta raba bindigogi gida uku. Kashi na farko su ne haramtattu, irin na yaƙi, waɗanda ba mai riƙe su sai da iznin Shugaban Ƙasa. Kashi na biyu su ne waɗanda mutum kan iya mallaka don kansa da lasin daga Sufeto-Janar na 'Yan Sanda. Kashi na uku su ne waɗanda ake ɗurawa ta baki, irin su bindigar toka, waɗanda lasinsu ke hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. To, abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, dokar ta ambaci bindigar iska da sunanta, ta sa ta a kashi na biyu, tare da bindigar farauta mai baki biyu. Watau a idon hukuma, izninta ya fi na bindigar toka nauyi.

Dokar ta hana ba da lasin ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da wanda ganinsa bai isa ba, da mashayi, da wanda kotu ta kama da laifin ta da hankali a cikin shekaru biyar da suka gabata. Haka nan ba a yarda kowa ya yi sana'ar sayar da bindiga ko harsashi ba sai dillalin da aka yi wa rajista, kuma shigowa da ita daga waje sai da takarda. Bugu da ƙari, a watan Agusta na 2023, Sufeto-Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya ba da sanarwar dakatar da ba da lasin ƙananan bindigogi. Saboda haka matakin farko ba shagon mai sayarwa ba ne. Matakin farko shi ne hedikwatar 'yan sanda ta jiha, inda mutum zai ji halin da ake ciki. In aka ce babu hanya, to, magana ta ƙare nan, a nemi tarko.

Wannan gargaɗi ya fi nauyi a Maiduguri bisa ga sauran garuruwa. Tun daga rikicin watan Yuli na 2009 birnin ya sha wuya a kan sha'anin makamai, har cinikin dabbobi bai tsira ba, gama a watan Maris na 2016 gwamnatin Jihar Borno ta dakatar da ciniki a wasu kasuwannin shanu huɗu don toshe hanyar sayar da shanun sata. Soja ko ɗan sandan da ke tsaye a shinge, in ya hangi mutum da dogon ƙarfe a kafaɗa da almuru, ba shi da halin sanin iska ke ciki ko albarushi. Maharban da suka taru ɗaruruwa a Maiduguri a watan Mayu na 2014, suna neman a bar su su shiga dajin Sambisa neman 'yan matan Chibok, sanannu ne, suna da shugabanninsu, hukuma kuma ta san da zamansu. Wanda ya sayi bindiga a ɓoye ba shi da mai tsaya masa.

Don haka wanda Allah ya nufa ya sami lasin, ya kyautu ya sanar da Bulaman unguwarsu. In zai fita da ita, ya sa ta cikin jaka, ba a ɗane ba, ba harsashi a ciki, takardarsa kuma tana aljihu. Ya kuma guji irin waɗanda aka ƙera da siffar bindigar soja, kome arharsu.

ME ZA KA YI DA ITA?

Wannan ita ce tambayar da za ta raba gardama wajen zaɓe. Faɗin bututu iri biyu ne suka fi yawa. Akwai mai milimita 4.5, wadda harsashinta bai fi rabin giram da kaɗan ba. Yana tafiya a miƙe, yana da araha, kuma shi ake amfani da shi a gasa. Akwai kuma mai milimita 5.5, wadda harsashinta ya kusa giram guda. Dukansa ya fi nauyi, amma yana saurin sunkuyawa ƙasa, saboda haka sai wanda ya iya kimanta nisa. Mai son harbin allo ya ɗauki ta farko. Mai son maganin ɓarna a gona yana iya ɗaukar kowace, muddin ya san halinta.

Tarkon da masu saye suka fi faɗawa shi ne na ƙarfi. Za ka ga an rubuta a kwali da manyan baƙaƙe cewa harsashi na gudun ƙafa 1,000 a daƙiƙa guda, watau kimanin mita 305, ko ma fiye. Galibi da harsashi marar nauyi ake auna wannan, ba irin wanda ake aiki da shi ba. Daɗin daɗawa, sauti kansa kimanin mita 340 yake yi a daƙiƙa, kuma da harsashin bindigar iska ya kusanci wannan gudu sai ya soma tangaɗi, ya kauce wa inda aka nufa. Ga shi kuma sifirin mai tsananin ƙarfi yana da wuyar ɗanawa, yana da mugun zabura. A Ingila, iyakar ƙarfin da aka yarda a riƙe ba tare da takardar babbar bindiga ba kimanin jul 16 ne, kuma da wannan ɗin suke kashe zomo da tantabarar daji da ɓera. A Jamus iyakar jul 7.5 ce. Harbin da ya sami wuri shi ne harbi, ba wanda ya fi ƙara ba.

Kada a yi cinikin biri a sama. Mai saye ya ɗora ta a kafaɗa ya ji ko nauyinta da tsawonta sun yi masa daidai. Ya tabbata in an kulle bututu ba ya motsi ko kaɗan, gama bututun da ke girgiza ba ya harbi wuri ɗaya sau biyu. Bayan ya tabbata ba kome a ciki, ya leƙa ta gindin bututun wajen haske, ya ga zanen nan mai murɗewa da ke juya harsashi, ya tabbata ba tsatsa. Ya dubi 'yar robar da ke kewaye da gindin bututu, kada ta zama ta tsage. Ya tabbata akwai makullin da ke hana kunama tashi. In ta hannu ce, ya saurari ƙararta wajen ɗanawa, in tana gurzawa kamar ana niƙa tsakuwa, to, sifirin ya karye ko ya lanƙwashe. Lambar da ke jikinta kuwa tilas ta zama ita ce a takarda.

Daga nan sai ya tambayi kayan gyara. Sifirin da robar fistin suna gajiya kamar yadda tayar keke ke sudewa. Kamfanoni irin su Diana da Weihrauch na Jamus, da BSA, da Gamo na Sifen, da Hatsan na Turkiyya, ana samun kayan gyaransu a duniya. Wadda ba ta da suna ba ta da lamba, ranar da ta tsaya ta zama sanda. Araha ba ta ado.

HARSASHI MAI ƘIRAR KALANGU

Wanda ya dubi harsashin bindigar iska zai ga ƙirar kalangu gare shi: kai a gaba, tsukakken ƙugu a tsakiya, sa'an nan buɗaɗɗen gindi mai rami. Gindin nan shi ke buɗewa ya toshe bututu sa'ad da iska ta buge shi, shi ne kuma ke riƙe shi kada ya yi adungure a sama. Mai shafaffen kai na harbin takarda ne, don yana huda rami mai tsabta da ke da sauƙin ƙirgawa. Mai kan mulmule shi ya fi tafiya nesa daidai, shi ya fi dacewa da farauta. Mai tsini yana da ban sha'awa a ido, amma sau da yawa bai kai mai mulmulen daidaito ba.

Kowane bututu da irin harsashin da yake so, ko da kuwa kamfani ɗaya ya ƙera su. Ba a sanin wannan sai an gwada iri biyu ko uku. Kada a sake amfani da wanda aka riga aka harba, kada a sa wanda gindinsa ya lotse, kada kuma a cusa ƙusa ko tsakuwa ko ƙwallon ƙarfe, gama za su cinye zanen cikin bututu.

A tuna kuma dalma guba ce. Ba mu manta da abin da ya faru a Jihar Zamfara a 2010 ba, inda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Ƙarfen nan shi ne dai a cikin gwangwanin harsashi. Al'adar nan ta riƙe harsashi a baki don saurin ɗurawa mummuna ce. A wanke hannu kafin a ci abinci, a ɓoye gwangwanin inda yaro ba zai kai ba, a kuma cire harsashi da naman da ke kewaye da shi kafin a sa a tukunya.

HORON SABUWAR BINDIGA

Sabuwar bindiga mai sifirin ba ta nuna ainihin halinta a ranar farko. Ƙarafan cikinta ba su goge juna ba tukuna, robar fistin ba ta zauna ba, ga kuma maiƙon da aka shafa mata a masana'anta. Masu gaggawa da yawa sun yanke mata hukunci a nan, suka ce ba ta da kyau, alhali horo ne ba ta samu ba.

Da farko a dubi kusoshin da suka haɗa ƙarfe da katako, biyu a gaba, saura a wajen kunama. A ɗaure su daidai, ba da ƙarfin tsiya ba. Zaburar sifirin takan kwance su a hankali, kuma kusa guda in ta saki ta isa ta watsa harbi. Saboda haka a riƙa duba su bayan kowane harbi ɗari.

Na biyu, a share cikin bututu. A ɗaura ɗan tsumma mai tsabta a igiyar roba mai ƙarfi, a zura ta daga gindi a jawo ta baki, a yi ta sauya tsumma har ya fito fari. Kada a zura sandar ƙarfe, domin ƙarfen bututun bindigar iska yana da taushi, kuma in bakinsa ya sami tabo, daidaito ya tafi ke nan.

Na uku shi ne harbi, da haƙuri. A harbe-harben farko za a ji ƙara mai ƙarfi, a ga hayaƙi, a ji ƙauri. Dalili shi ne, sa'ad da fistin ya matse iska farat ɗaya, takan yi zafi ƙwarai har maiƙon da ke ciki ya kama wuta, kamar dai yadda injin dizal ke aiki ba tare da fulogi ba. Wannan yakan ragu bayan harbi 'yan gomomi. In ya ƙi raguwa, kullum tana tsawa kamar bindigar albarushi, to, a tsaya a kai ta ga wanda ya san aikinta, don irin wannan fashewa tana ƙona roba, tana karya sifirin. Yawanci sai an ƙare gwangwani guda, watau harsashi 500, kafin ta natsu, wasu ma sai sun kai 1,000. Alamar natsuwarta ita ce ɗanawa ta yi laushi, ƙara ta ragu, ramukan da ke jikin takarda su soma matsowa kusa da juna. Yana da kyau a riƙa ajiye takardun da aka harba, da kwanan wata a jiki, don a ga ci gaban da ido.

Akwai abubuwa huɗu da ba a yi mata, sabuwa ce ko tsohuwa. Ba a harba ta ba harsashi a ciki, gama fistin zai daki bango ba abin da ya tare shi. Ba a barinta a ɗane ta kwana, don sifirin zai gaji, ban da hatsarin da ke ciki. Ba a sakin bututu sa'ad da ake sa harsashi. Hannu ɗaya ya riƙe shi gam, don in kunama ta kuɓuce bututun zai koma da ƙarfin da ya isa ya datse yatsa, ya kuma lanƙwashe kansa. Na huɗu, ba a ɗiga baƙin mai ko man keken ɗinki ko kananzir a ramin da iska ke fitowa. Akwai masu yin haka da gangan don su ji ta yi ƙara, ba su san kashe ta suke yi ba.

HORON MAI HARBI

Rabin horon na bindiga ne, rabi na mai ita. Bindiga mai sifirin takan motsa tun harsashi bai bar bututu ba, ta yi baya, kana ta yi gaba. Wanda ya ƙanƙame ta ba zai hana ta motsi ba, sai dai ya sa motsin yau ya bambanta da na gobe. Dabarar ita ce a ɗora ta bisa buɗaɗɗen tafin hannu, a wuri ɗaya kullum, a jingina ta a kafaɗa sako-sako, a bar ta ta yi motsinta. Kada a ɗora ta kai tsaye a kan katanga ko dutse, sai an sa hannu ko wani abu mai taushi a tsakani. A saki rabin numfashi, a matsa kunama a hankali, kada a fizga, kuma kada a ɗaga kai sai harsashi ya isa.

Gyaran saiti daga mita 10 ake somawa. A yi harbi biyar ana auna ɗigo ɗaya, ba tare da an taɓa kome ba. In ramukan sun taru wuri guda, ko da ba a kan ɗigon ba, to, an yi nasara, saura a matsa ma'aunin baya zuwa wajen da ake son harbi ya koma. In kuwa sun warwatse, laifin na riƙo ne, ko na kusa, ko na harsashi, murɗa ma'auni ba zai yi magani ba. Bayan an daidaita sai a ja baya zuwa mita 20 ko 25. Mai son ɗaura madubin hange ya nemi wanda aka yi musamman don bindiga mai sifirin, domin zaburarta ta gaba da baya takan wargaza gilashin wanda ba a yi shi don haka ba.

Abin da ke bayan allo ya fi allon muhimmanci. Harsashin nan ƙanƙane yana iya tafiya mita 300 ko fiye in aka ɗaga baki sama. Zana ba ta tare shi, kwanon rufi ma ba abin dogara ba ne. Dutse da siminti da taya da busasshen katako sukan maido shi kan mai harbi. Abin da ya dace shi ne tudun ƙasa ko buhunan yashi. A sa tabarau mai kare ido, kowa ya tsaya a bayan mai harbi, kuma kada a taɓa nuna mutum da ita, ko da an rantse ba kome a ciki.

ZAFI DA ƘURA

Yanayin Borno yana da nasa sharaɗi. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a Maiduguri. Bindiga mai tukunyar gas ba ta son wannan, don matsin gas ɗin yana hawa da zafi, harbi ya riƙa sauya wuri, wani lokaci ma ta ƙi tashi. Mai tanki kuwa kada a bar ta a rana ko cikin rufaffiyar mota. Babban kashedi kuma, kada wani ya kuskura ya cika ta da iskar masu walda. Wannan iska in ta haɗu da maiƙo a cikin matsi, fashewa take yi kamar bam.

Da hunturu, ƙura in ta haɗu da mai sai ta zama kamar garin wasa wuƙa, ta riƙa cin ƙarfe. Don haka mai kaɗan ya isa a mahaɗar bututu, a goge saura, a ajiye ta cikin jaka. Da damina kuma a riƙa shafe bayan ƙarfen da tsumma mai ɗan maiƙo bayan kowane amfani, saboda gumin hannu yana kawo tsatsa.

IYAKAR FARAUTA

Kafin mutum ya auna abu mai rai, ya gwada kansa. Ya kafa murfin kwalbar lemo, ya harbe shi sau biyar. Nisan da yake samunsa biyar cikin biyar, nan ne iyakarsa. Ga yawancin masu bindigar sifirin wannan bai wuce mita 20 zuwa 30 ba. Abin da ta isa ta kashe nan take shi ne ɓera, da gafiya, da kurege, da kurciya, da hasbiya, da fakara, da zomo in an same shi a ka. Ba ta gada ba ce, ba ta barewa ba ce, ba ta dila ba ce. Waɗannan rauni kawai za ta yi musu, su tafi su mutu a wahale. Haka nan zalunci ne a harbi akuyar maƙwabci ko saniyar makiyayi da ita da sunan kora, kuma irin wannan ne kan haddasa fitinar da ta fi ɓarnar girma.

Addini ma ya yi magana. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ya nuna farauta don wasa kawai makaruhi ce, don bukata kuwa halal ce. Ana ambaton sunan Allah wajen harbi, kuma in an tarar da abin da sauran rai sai a yanka. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a mai da abu mai rai abin koyon harbi, ya kuma hana wasan harba tsakuwa saboda ɓarnar da take yi wa ido da haƙori.

Hukuma ita ma ta sa iyaka. Akwai dokar kare namun dajin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985, kuma an hana farauta a Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi da aka kafa a 1991. Ungulun nan da aka saba gani a mahautai, tun 2015 masana suka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, alhali ita ke share mushe. Balbelar da ke bin shanu tana cinye ƙwari, da shamuwar da ke yi mana albishir da damina, ba abin harbi ba ne.

Game da ɓera kuwa, a yi hattara ƙwarai. Zazzaɓin Lassa ya samo sunansa ne daga garin Lassa na Jihar Borno, inda aka fara gano shi a 1969, kuma ta fitsari da kashi da jinin wani irin ɓera yake yaɗuwa. Ɓeran da aka harbe kada a taɓa shi da hannu, kada a ci, a ɗauke shi da shebur a binne ko a ƙone. Gaskiyar magana ma, a cikin kasuwa ko unguwa mai cunkoso, inda yara da dabbobi ke kai da kawowa, bindiga ba ita ce maganin ɓera ba. A ɗaga buhuna daga ƙasa, a toshe ramuka, a rufe abinci, a kafa tarko, a ajiye kyanwa. Rigakafi ya fi magani.

HANYAR DA TA FI

Inda bindigar iska ta fi daraja a duniya shi ne filin wasa. Tun 1984, a birnin Los Angeles, aka sa harbinta cikin wasannin Olamfik. Ana tsayawa a nisan mita 10, a yi harbi 60 a zagayen share fage, kuma ɗigon tsakiya da ake nema faɗinsa rabin milimita ne kacal. Da wannan wasa Abhinav Bindra ya samo wa Indiya zinariyarta ta farko ta mutum ɗaya a birnin Beijing a 2008. A Paris a 2024, yarinya 'yar shekara 16 daga Koriya ta Kudu, Ban Hyo-jin, ita ta ci zinariyar mata. Wasa ne da ba ya bukatar babban fili, sai zaure mai tsawo, da malami, da natsuwa.

Ƙasar da ta haifi maharba irin na Borno ba za ta rasa masu ido da haƙurin da wannan wasa ke bukata ba. Muna kira ga hukumar wasanni ta jiha da rundunar 'yan sanda su duba yiwuwar keɓe wuri guda, inda bindigogin za su zauna a kulle a hannun hukuma, samari su je su koya a gaban malami, su tafi gida hannu wofi. Wannan ya fi a bar yaro ya koya a bayan gari, a ɓoye, da abin da ba shi da takarda. Iyaye kuma su sani, wanda ya saya wa ɗansa bindigar iska a matsayin tsaraba ya saɓa wa doka, kuma duk idon da ta fasa, alhakin yana wuyansa. Allah ya kiyashe mu da aikin da-na-sani, ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.